ƊARI TA ƘASA YA KE SHIGA

Wannan bayani domin masu gida ne da matan gida, da kuma duk wanda sana'arsa ta kan sa shi kwana a waje, kamar masu gadin gona da lambu, da makiyaya, da masunta, da mafarauta, da direbobi da yaransu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa watan Fabrairu, iskar hunturu ta kan taso daga Hamada, ta busa mana daga arewa maso gabas. Da rana a sha rana, da dare a sha ɗari. A Kano, cikin watan Disamba da Janairu, ma'aunin zafi ya kan sauka zuwa wajen digiri 13 ko 14 da asuba. A kan tudun Jos wani dare ya kan yi ƙasa da 10. A kan duwatsun Azbin kuwa har ruwa ya kan daskare.

To, a wannan lokaci sai ka ga mutum ya lulluɓa da bargo biyu, ya ƙara da gwado, amma tsakar dare ya farka bayansa ya yi sanyi ƙalau, ƙugunsa ya sage. Gari na wayewa sai ya ce bargon ne ba shi da kyau, ya shiga neman kuɗin sayen wani. Alhali sau da yawa bargon ba shi da laifi. Ta ƙasa ɗarin ya shige shi, inda bai yi wani tanadi ba.

INDA ƊUMI YA KE FITOWA

Da farko sai mu san cewa bargo ba shi da ɗumi na kansa. In ka naɗe dutse a cikin bargo, ko ya kwana bakwai ba zai yi ɗumi ba. Jikin mutum shi ne murhu, abinci kuwa shi ne itacen da a ke iza masa. Zafin jikin mai lafiya ya kan tsaya wajen digiri 37, dare da rana. Aikin bargo kawai shi ne ya tsare wannan zafi kada ya gudu.

Da me ya ke tsare shi? Da iska. Tsakanin zaren bargo akwai 'yan ƙananan kafofi masu ɗimbin yawa, kowace cike da iska wadda ba ta motsi. Zafi ba ya ratsa iskar da ke tsaye wuri ɗaya da sauri. Shi ya sa abu mai laushi mai kumburi, kamar audugar rimi ko gashin tunkiya, ya fi abu mai nauyi maras kumburi riƙe ɗumi. Dubi kaza da sanyin safiya, za ka ga ta bubbuɗa gashinta ta kumbura. Iska ta ke tarawa a tsakanin gashin don ta ji ɗumi.

Amma iskar da ke tafiya dabam ce. Ita kwashe zafi ta ke yi ta wuce da shi, wata mai sanyi ta maye gurbinta. Haka mu ke hura kunu don ya huce.

ABIN DA YA SA BARGO BA YA AIKI A ƘARƘASHI

Ɗauki audugar rimi cike da hannu, ka dunƙule ta tam. Za ka ga ta koma 'yar mitsitsiya. Ina sauran? Iska ce ta fita. Haka bargo ya ke zama in ka kwanta a kansa. Wanda ke samanka yana nan da kumburinsa, yana aikinsa. Wanda ke ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu da ɗuwawu kuwa nauyin jiki ya matse shi, iskar cikinsa ta fita, ya zama kamar ƙyalle falle ɗaya. Ta waɗannan wurare zafin jiki ya ke zurarewa dukan dare.

Zurarewar iri biyu ce. In a ƙasa ka kwanta, ƙasar ce ke tsotse zafin, kamar yadda busasshen rairayi ke shanye ruwa. Jikinka ba zai iya ɗumama daɓen ɗaki ko siminti ba, ko ka kwana a kai har safe. In kuwa a kan gado ka kwanta, wanda ƙarƙashinsa ke buɗe, iskar da ke wucewa ce ke kwashewa.

Ke uwargida, gwada wannan da kanki, gani ya kori ji. Zuba kunu mai zafi a kwano biyu iri ɗaya, ki rufe su duka. Ajiye ɗaya a kan siminti mai sanyi, ɗaya kuma a kan gammo ko faifai biyu. Bayan ɗan lokaci ki taɓa su. Na kan simintin shi zai riga hucewa, ko da ya ke murfinsu ɗaya ne. Yadda kwanon nan ya ke, haka yaronki ya ke a kan tabarma falle ɗaya.

ABIN KOYI DAGA MASU GADON LILO

Akwai wani irin gado da a ke yi da raga ko zane mai ƙarfi, a ɗaure bakinsa biyu jikin itatuwa ko dirkoki, mutum ya kwanta a ciki yana reto. Asalinsa daga ƙasashen Amurka ta Kudu ne da tsibiran Karibiyan. Sa'ad da Kolumbus ya isa tsibiran nan a shekarar 1492, ya tarar mutanen wurin suna kwana a ragar auduga da su ke kira hamaka. Daga nan ma'aikatan jiragen ruwa na Turai suka ɗauka, suka yi ta kwana a cikinsa shekaru fiye da 300. Har yanzu a arewacin Barazil da wani sashe na Meziko mutane da yawa a cikinsa su ke kwana. A Amurka da Turai kuma masu zuwa yawon daji su kan tafi da shi a jaka, gama ba shi da nauyi, yana kuma raba mutum da laimar ƙasa da ƙwari.

A ƙasar zafi wannan gado yana da daɗi ƙwarai, don iska na ratsa shi ta ko'ina. Amma abin da ya sa ya yi daɗi da zafi, shi ne ya sa ya zama wahala da ɗari. Babu kome tsakanin bayan mutum da iskar dare sai zane falle ɗaya. Masu kwana a cikinsa sun lura cewa da zarar ma'auni ya sauka zuwa wajen digiri 20, baya ya kan soma jin sanyi, ko da mutum ya naɗe kansa cikin bargo mai kauri. Dubi kuwa, darenmu na hunturu ya fi haka sanyi nesa.

Ma'aikatan jirgin ruwa su kan sa 'yar siririyar katifa a ciki. Masu yawon daji na zamanin nan kuwa sun samo dabarar da ta fi. Su kan ɗinka wani bargo na musamman, su cika shi da lallausan gashin agwagwa ko na dinya, ko audugar roba, sa'an nan su rataye shi daga waje, a ƙarƙashin gadon, da igiyoyi masu talewa. Bargon yana manne da bayan mutum, amma mutum bai hau kansa ba. Tun da ba a danne shi ba, kumburinsa na nan, iskar cikinsa na nan, ɗumi ba ya samun hanyar fita.

Watau ke nan hanya biyu ce ta tsare baya. Ko dai ka kwanta a kan abin da nauyinka ba zai iya matse shi ba, ko kuwa ka rataye abu mai laushi a ƙarƙashin gado inda nauyinka ba zai kai gare shi ba.

GADAJENMU MASU BUƊAƊƊEN ƘARƘASHI

Ko da ya ke ba mu cika kwana a gadon lilo ba, muna da 'yan'uwansa da yawa. Gadon kara, da gadon da a ke saƙa wa igiya, da gadon ƙarfe mai waya, da gado mai naɗewa irin na matafiya, da benci, da rumfar da mai gadin gona ya kan kafa a bisa don ya hango ɓarayi da dabbobi, duk iska na bi ta ƙarƙashinsu. Rumfar gadi ta fi su duka, gama tana sama, a fili, galibi kuma a bakin fadama inda sanyi ya kan kwanta da dare.

In gadon mai shimfiɗaɗɗen baya ne, kamar na kara ko benci, sai a bi hanya ta farko. A soma shimfiɗa kwali falle biyu ko uku, a ɗora tabarma, sa'an nan buzu ko agalemi, gashin yana sama. Gashin tunkiya ba ya kwantawa sarai ko an hau kansa, shi ya sa tun kaka da kakanni matafiya ba su rabuwa da buzu. Wanda ke da katifa, ta auduga ko ta soso, ya sami abin da a ke so, muddin tana da kauri, ba ta mutu ta zama kamar faifai ba. Tsohuwar katifar auduga sai a farke ta, a shanya audugar, a buge ta ta tashi, a mai da.

Bayan haka a tare iska. A kewaye ƙafafun gadon da tsohon zane ko buhu ko zana har ƙasa. Da safe a ɗage, a share ƙarƙashin, kada ya zama maɓoyar kunama da ɓera. Mai rumfar gadi ya kafa zana ta wajen arewa da gabas, ya tabbata ta sauka ƙasa da inda ya ke kwance. Zanar da ta tare kai ta bar ƙarƙashi a buɗe rabin aiki ta yi.

YADDA A KE ƊINKA BARGON ƘARƘASHI

In gadon mai lotsawa ne, kamar na igiya ko na zane ko na lilo, sai a bi hanya ta biyu. Kowane tela zai iya wannan ɗinki, mace ma ta iya yinsa a gida da zare da allura.

1. A sami tsofaffin zannuwa biyu masu ƙwari, a wanke, a shanya. Tsawon kowane ya kai kamu uku da rabi, faɗi kamu biyu da rabi. In zanen ya gaza, a tabbata ya rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa, gama nan ne ya fi muhimmanci.

2. A shimfiɗa ɗaya, a baza audugar rimi, ko auduga, ko tsumma da aka yayyanka ƙanana, kaurin yatsa uku. A rufe da ɗayan zanen, a ɗinke baki.

3. A bi shi da layin ɗinki daga gefe zuwa gefe, tsakanin layi da layi taƙi ɗaya, don kada audugar ta gangara ta taru wuri guda. Kada a ja zaren da ƙarfi har ya matse ta.

4. A yi ƙubaka ta wajen kai da ta wajen ƙafa, a zura zariya kamar ta wando.

5. A ɗaura igiya a kusurwa huɗu. Robar tsohon tiyub na keke ko babur ta fi igiya kyau, don tana talewa tana bin motsin mai barci.

6. A rataye shi a ƙarƙashin gadon. Wani ya hau ya kwanta, wani kuma ya zura hannu tsakanin gadon da bargon. In hannu ya sami fili yana yawo, bargon ya yi sako-sako, a ɗaga shi. In audugar ta matse ta yi tauri, an ja shi da yawa, a sassauta. Abin da a ke so ya taɓa baya ko'ina, amma yana nan da kumburinsa.

7. A ja zariyar kai da ta ƙafa har bakin ya tsuke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafa ɗaya mai faɗin tafin hannu ta isa ta ɓata aikin duka.

Wannan bargo yana da wani amfani kuma. Sauro ya kan ciji mutum ta cikin zane ko raga inda jiki ya manne, amma ba ya iya ratsa auduga mai kauri. Duk da haka ba ya maye gurbin gidan sauro. A fadama da bakin kogi akwai sauro ko da hunturu, sai a rataya gidan sauro kamar kullum.

Wanda zai ɗaura gadon lilo ya zaɓi itace mai rai mai ƙarfi, ya duba sama kada akwai busasshen reshe. Kada ya rataye shi ya fi tsayin kujera daga ƙasa. Jariri kuwa ba a kwantar da shi barci a gadon lilo, gama kansa ya kan lanƙwashe numfashi ya toshe.

MAI KWANA A ƘASA

Tabarma falle ɗaya a kan daɓe ko siminti tana tare ƙura, amma ba ta tare ɗari. Yaran da ke kwana a zaure, da baƙi, da 'yan ci-rani, su ne suka fi shan wannan wahala. Maigida da malamin da ke riƙe da yara su duba inda yaran nan su ke kwana kafin hunturu ya kama.

Maganin ba ya cin kuɗi. Bayan girbi akwai karan shinkafa, da bawon masara, da busasshiyar ciyawa. A cika buhu uku ko huɗu da su, a ɗinke baki, a jera, a shimfiɗa tabarma a kai. A cika da yawa, gama abin da ya kai taƙi ɗaya ya kan koma kaurin yatsa biyu ko uku in an kwanta. Kada a yi amfani da ƙaiƙayin gero, don yana sa susa da tari. Kada kuma a taɓa buhun da aka zuba taki ko maganin ƙwari a ciki, ko da an kakkaɓe shi.

Wanda dare ya riska a daji ya tara ciyawa ko busasshen ganye, ya bubbuga tarin da sanda don kunama da maciji, sa'an nan ya shimfiɗa. Ya guji kwari da bakin ruwa, gama iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa ta ke yi ta taru a kwari. In bargo biyu gare shi, ƙasa kuma babu kome, ya ninka ɗaya ya kwanta a kai, ya lulluɓa da ɗaya. Direba da yaron mota kada su kwanta a kan ƙarfen mota ko a kan kwalta sai da kwali ko katako a ƙarƙashi. Ƙarfe ya fi ƙasa saurin tsotse zafi.

LAIMA ABOKIYAR ƊARI

Ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi wajen sau 25. Shimfiɗa mai kauri in ta jiƙe ba ta da sauran amfani. Saboda haka masunta da masu ban ruwa a lambu su tuɓe jiƙaƙƙun tufafi, su goge jiki, su sa busassu kafin su kwanta. Yaron da ya yi fitsarin kwance a canja masa nan da nan, kada a bari sai da safe.

Leda tana da amfani in an shimfiɗa ta can ƙasa, tsakanin ƙasa mai laima da shimfiɗa. Amma kada a lulluɓa da ita, gama gumin jiki ba zai sami mafita ba, sai ya jiƙa tufafi, asuba na yi mutum ya kama kyarma. Kada kuma a bar leda kusa da fuskar ƙaramin yaro.

Kowace safiya a fid da shimfiɗa rana, a kakkaɓe. Rana tana busar da ita, tana ta da auduga, tana kuma rage kuɗin cizo da ƙuma.

A YI HANKALI DA WUTA

Mutane da yawa sun san ta ƙasa ɗari ke shiga, shi ya sa su kan tura kaskon wuta ƙarƙashin gado. Wannan hanya ta halaka mutane ba kaɗan ba. Haɗarinta biyu ne.

Na farko gobara. Audugar rimi da katifar soso da kara da zana, duk tartsatsi ɗaya ya ishe su. Wanda ya rataya bargon ƙarƙashi, ko ya kewaye gadonsa da zana, kada ya kawo wuta ko fitila ko taba kusa.

Na biyu iskar gawayi. Garwashi a rufaffen ɗaki ya kan fid da wata iska mai guba, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ta kan soma da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sa'an nan barci mai nauyi wanda ba a farkawa. Hayaƙin janareto ma haka ya ke. In za a ɗumama ɗaki, a yi tun da sauran ido biyu, taga a buɗe, a fid da kaskon waje kafin a kwanta. In an tarar da mutane a ɗaki sun galabaita, a buɗe ƙofa, a fito da su fili, a kai su asibiti ba da jinkiri ba.

A wasu garuruwa a kan gina wa mai jego gadon ƙasa, a hura wuta a ƙarƙashi, ta kwanta a kai. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ga mata da yawa da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun danganta abin da yawan zafin gadon da na ruwan wanka, da kuma yawan kanwa a kunu. Mai jego tana bukatar ɗumi madaidaici, wanda shimfiɗa mai kauri da mayafi za su ba ta. In ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa numfashi in ta kwanta, a kai ta asibiti ran nan.

Wanda ke son ɗumama shimfiɗa, ya sa dutse kusa da murhu ya yi ɗumi, ya naɗe shi da tsumma mai kauri, ya ajiye wajen ƙafa. Ko ya zuba ruwan ɗumi a kwalba mai murfin kirki ya naɗe. Kada a manna wa jariri, ko mai ciwon sukari, ko wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi, don za su ƙone ba su sani ba.

WAƊANDA ƊARI YA FI YI WA LAHANI

Ƙaƙƙarfan mutum ya kan sha ɗari ya tashi da ciwon jiki kawai. Amma akwai waɗanda ɗari ya kan kashe: jarirai, balle bakwaini da ƙananan haihuwa, da yara masu tamowa, da tsofaffi, da marasa lafiya. Masu amosanin jini, watau sikila, sanyi ya kan ta da musu ciwo. Wanda ya sha giya ya kan ji kamar ya yi ɗumi, alhali zafin jikinsa fita ya ke yi da sauri. Waɗannan su za a fara ba shimfiɗa mafi kauri a gida, su ci abinci mai ɗumi da dare, su sa hula da safa.

Jariri ba ya iya kyarma kamar babba, kansa kuma babba ne, zafi na fita ta nan ƙwarai. Da an haife shi a goge shi sarai da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a rufe su tare, a ba shi mama cikin sa'ar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har sai ya yi sa'a 24. Wannan dabara ta ɗaure ƙaramin jariri a ƙirjin uwa dare da rana, an soma ta ne a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a shekarar 1978, ta kuwa ceci jarirai masu yawa a ƙasashe dabam dabam.

Shimfiɗar jariri ta zama mai ɗan tauri, shimfiɗaɗɗiya. Kwali da buzu da sauran abin tare ɗari su kasance can ƙarƙashi, kada fuskarsa ta nutse cikin auduga ko gashi. A kwantar da shi rigingine, fuska a buɗe. Uwa ta riƙa taɓa tafin ƙafarsa da cikinsa da bayan hannunta. In ƙafa ta yi sanyi, ta ɗora shi a ƙirji ta ba shi mama. In har ciki ma ya yi sanyi, ko ya ƙi kama mama, ko kukansa ya raunana, a tafi asibiti yana manne a ƙirjinta.

IN ƊARI YA RIGA YA KAMA MUTUM

In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, rai yana cikin haɗari. Da farko mutum ya kan yi kyarma mai ƙarfi. Sa'an nan hannu ya ƙi riƙe abu, magana ta harɗe, tafiya ta zama tangaɗi, hankali ya rikice. In kyarma ta tsaya alhali jiki na nan da sanyi, barci kuma na fizgarsa, abin ya yi tsanani. Ga abin yi:

1. A ɗauke shi a hankali zuwa inda babu iska. Kada a jijjiga shi.

2. A tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi.

3. A fara sa abu mai kauri a ƙarƙashinsa, sa'an nan a lulluɓe shi har kai, a bar fuska.

4. Wani mai lafiya ya shiga mayafin ya rungume shi.

5. In yana cikin hankalinsa, yana iya haɗiya, a ba shi kunu ko shayi mai ɗumi da sukari. In ba ya cikin hankalinsa, kada a ɗura masa kome.

6. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tsoma shi a ruwan zafi, kada a kanga shi a bakin wuta, kada a ba shi giya.

7. A kai shi asibiti a lulluɓe, da shimfiɗa a ƙarƙashinsa ko a cikin mota.

Har wa yau, mura da tari da ciwon haƙarƙari sun fi yawa da hunturu. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, amma ƙura da hayaƙi da cunkoso a rufaffen ɗaki suna taimaka musu. Yaron da ke tari, numfashinsa na sauri, ƙirjinsa na faɗawa ciki, magani ya ke bukata. Ƙarin bargo kaɗai ba zai warkar da shi ba, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Jiki ne ke ba da ɗumi, shimfiɗa da mayafi tsare shi su ke yi.

2. A gyara ƙarƙashi tukuna, sa'an nan a nemi na lulluɓa.

3. A kwanta a kan abin da ba ya matsewa, ko a rataye mai laushi a ƙarƙashin gado.

4. A toshe hanyar iska ta ƙarƙashin gado da rumfa.

5. Kada a kwana da jiƙaƙƙun tufafi ko a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa.

6. Kada a kwana da garwashi a ɗaki, balle a ƙarƙashin gado.

7. Jarirai da tsofaffi da marasa lafiya su ne na farko.

Lokacin tanadi shi ne kaka, sa'ad da kara da ciyawa da bawon masara su ke ko'ina a banza. Kai maigida, kafin iska ta juya, zaga ɗakunan gidanka da zaurenka, ka ɗaga tabarmar kowa ka ga abin da ke ƙarƙashinta. Wanda ya ga wani abu bai gane ba a cikin wannan bayani, ya tambayi ma'aikacin lafiya ko ungozomar asibitin da ke kusa da shi. Rigakafi ya fi magani.